FILIN MASU MOTA: Raɓa A Cikin Danjar Mota

Daga cikin ƙananan motocin nan masu kujeru biyu, waɗanda ake ƙerawa domin gudu da nishaɗi, da wuya a sami wadda ta yi farin jinin Mazda MX-5. A birnin Shikago na Amurka aka fara nuna ta cikin watan Fabrairu na 1989. Amurkawa suna kiranta Miata, a Japan kuwa, inda ake ƙera ta a birnin Hiroshima, da sunan Eunos Roadster ta fara fita. Kafin ƙarshen watan Afrilu na 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya. Fitilun bayanta na samfurin farko, watau wanda aka yi daga 1989 zuwa 1997, sun ƙayatar da jama'a har aka ajiye irinsu a gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok. Amma duk da wannan daraja, masu tsofaffin motocin nan sun daɗe suna kuka da abu guda: mutum ya fito da sassafe ya tarar da murfin danja ya yi fari fat da raɓa daga ciki, ya sa tsumma ya goge waje, abin yana nan daram.

Wannan ciwo bai tsaya ga Mazda kaɗai ba. Kowace mota mai fitilar roba tana iya kamuwa da shi, har da wadda mai karatu yake fita da ita aiki kullum. An ɗauki MX-5 misali ne domin hanyoyin da ruwa ke bi a jikinta sanannu ne, kuma domin haɗarin ya fi tsanani ga mota irinta. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai kai mita ɗaya da kwata ba. Direban babbar mota da ke biye da ita cikin dare, ana tsuga ruwa, ba ya ganin komai nata sai jajayen fitilun nan biyu. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ke nan idan danja ta dushe har na baya ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya gane an taka birki, ya riga ya cinye mita 28 daga tazarar da zai tsaya a cikinta.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ba a ƙera fitilar mota a toshe ruf ba. Tana numfashi, kuma da gangan aka yi ta haka. Kwan fitilar birki irin na da yana cin wuta wat 21, na danja kuma wat 5, kuma mafi yawan wannan wuta zafi take zama. Iskar da ke cikin fitila idan ta tashi daga digiri 20 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, takan kumbura da kusan kashi 14 cikin 100. Da babu mafita, da sai ta matsa wa mahaɗar murfi har ta buɗe ta. Saboda haka maƙera sukan bar wata 'yar kafa a bayan fitila, wani lokaci da lanƙwasasshen bututun roba mai kallon ƙasa, wani lokaci da ɗan murfi, domin iska ta fita idan fitila ta yi zafi, ta kuma dawo idan ta huce.

To, iskar da ke dawowa ba ta zuwa hannu rabbana, tana ɗauke da danshi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa nesa ba kusa ba. Akwatin iska mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi yana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a digiri 30, amma a digiri 10 bai fi giram 9 da 'yan kai ba. Idan dare ya yi, murfin fitila shi ke fara yin sanyi domin shi ne a waje, sai iskar ciki ta sauke rarar ruwanta a jikinsa, kamar dai yadda kwalbar lemo mai sanyi take yin gumi a kan tebur. Bambancin kawai, gumin fitila daga ciki yake.

Irin wannan raɓa ba cuta ba ce. Kamfanin Ford ya bayyana haka a littattafan da yake bai wa masu sayen motocinsa: hazo marar kauri, wanda babu ɗigo ko zirin ruwa a cikinsa, wanda kuma bai rufe rabin murfi ba, abu ne da aka saba, kuma yana iya ɗaukar har sa'a 48 kafin ya washe idan gari ya bushe. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne manyan ɗigo, ko ruwa mai gangarowa, ko wanda ya kwanta a gindin fitila. Wannan ma'auni ya isa kowane mai mota ya yi wa fitilarsa hukunci. Idan hazo ne, sai ya kunna fitila ya yi tafiyarsa, ko ya juya bayan motar wajen hantsi. Idan kuwa ruwa ne yake kai-komo a ciki duk sa'ad da aka rufe but, to wani wuri ya buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A tsohuwar MX-5, wurin da ake fara tuhuma shi ne gasket ɗin soso da ke tsakanin fitila da jikin mota. Wannan soso yakan shekara ashirin ko talatin a matse, rana ta gasa shi, sanyi ya busar da shi, har ya zama kamar busasshen ganye, ana taɓa shi yana marmashewa. Ruwan da ke gangarowa daga murfin but sai ya bi ta bayansa, wani ya shiga fitila ta ramukan ƙwai, wani ya zarce cikin but ya jiƙa shimfiɗa. A nan ne wata matsala ta biyu take ɓuya, wadda mutane da yawa ba su lura da ita. Bayan fitilar yana buɗewa ne zuwa cikin but, saboda haka iskar but take shaƙa. Idan but a jiƙe yake, ko an shanya fitila sau goma za ta sake yin raɓa cikin kwana biyu. Kuma ruwan but ba lalle ta fitila ya shigo ba. Motar mai rufin tanti ce, tana da magudanar ruwa a gindin tantin da kuma bututai a bayan kujeru masu kai ruwan ƙasa. Ganye da ƙasa sukan toshe bututan, magudanar kuma takan tsage da tsufa. A samfurin farko da na biyu batir ma a cikin but yake, gefen dama, don haka ruwan da ya kwanta can ba fitila kaɗai yake yi wa barazana ba. Mai hankali zai ɗaga shimfiɗar but ya taɓa ƙarfen da hannunsa tun kafin ya ɗauki sufana.

Kwance fitilar ba aiki ne mai wuya ba. Daga cikin but ake cire notinan da ke riƙe da ita, a zare wayoyi, a tura ta waje a hankali. Sa'an nan a cire ƙwai duka, a duba mazauninsu. Idan ƙarfen ya yi kore ko fari kamar an barbaɗa masa gishiri, ruwa ya daɗe yana aiki a wurin, sai a kankare shi ko a sake sabo. Irin wannan tsatsa ita ce takan sa a ga abin al'ajabi a kan hanya, mutum ya sa sigina sai fitilar birki ta kama ƙyaftawa tare da ita, domin wutar ta rasa hanyarta ta komawa jikin mota ta bi ta wani kwan.

Bayan haka sai neman ɓaraka a jikin fitilar kanta. A zuba ruwa a ciki kaɗan, a riƙa juya ta sannu a hankali ta yadda ruwan zai bi duk mahaɗar da ke tsakanin jan murfi da baƙin gida, ana duban inda zai tsattsafo. Tsagar da ido ba ya gani takan tona kanta ta haka. Ruwan da ya dace shi ne tataccen ruwa, domin na famfo ko na rijiya yakan bar farin tabo idan ya bushe. A nan sai a yi hattara da harshe: wanda ya je kanti ya ce a ba shi ruwan batir yana iya dawowa da asid, kuma asid zai cinye madubin da ke cikin fitila nan take. Haka nan kada a yi gangancin ɗauraye ciki da fetur, ko tina, ko sifirit. Murfin danja galibi da robar akirilik ake yinsa, kuma waɗannan sukan sa ta yi tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, abin da ba ya gyaruwa.

Shanya ita ce take bukatar haƙuri, kuma a nan ne gaggawa take ɓata aiki. Robar akirilik tana fara laushi da zarar zafi ya kusa digiri 100, tafasar ruwa ke nan, saboda haka na'urar hura zafi irin ta masu fenti ba ta da wurin zama a wannan aiki. Na'urar busar da gashi a kan ƙaramin zafi ta isa, ana hurawa ta ramin kwai ɗaya, iska tana fita ta wani. Wanda ba ya sauri ya ajiye ta gaban fanka, ramukan a buɗe, ta kwana ta wuni. Ƙananan ƙunshin nan na silika da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa, amma a ƙulle su a tsumma a rataya a bakin rami, kada a jefa su ciki su maƙale, su kuma taɓa kwai mai zafi daga baya. Ruwa yakan ɓuya a lungun madubi, don haka fitilar da ta yi kamar ta bushe da rana sai a bar ta ta ƙara kwana.

Yanzu ga inda ake yin gyaran gangar Abzinawa. Mutum ya sha wahalar shanya, ransa ya ɓaci, sai ya ɗauki danƙon silikon ya bi duk wata kafa da ya gani ya liƙe, har da kafar numfashi. Kwana kaɗan sai raɓa ta dawo ta fi ta da, kuma wannan karon ba ta tafiya. Dalili kuwa a fili yake. Ya kulle danshi a ciki, ya hana shi mafita, sa'an nan kumburin iska da tsukewarta kullum zai ci gaba da aiki a kan mahaɗa har ya sami wuri mafi rauni, ya riƙa tsotso ruwa ta nan. Har ila yau, silikon irin mai warin tsami yana fitar da tururin asid lokacin da yake bushewa, wanda ke cin ƙarfen mazaunin ƙwai. Abin da ya dace da mahaɗar murfi shi ne danƙon butil, baƙi mai yauƙi wanda ba ya ƙandarewa, ko kuwa silikon marar warin tsami, a shafa siriri a daidai inda aka ga ruwa ya fito kawai. Kafar numfashi kuwa a zare bututunta, a hure ƙasar da ke ciki, a mai da shi yana kallon ƙasa.

Akwai kuma masu huda fitila. Wannan dabara tana zubar da ruwan da ya kwanta, gaskiya ne, amma ba ta hana wani shiga, kuma a ƙasa mai ƙura, musamman lokacin hunturu, ramin yakan zama ƙofar da ƙura ke bi ta dusar da madubi. Idan ta kama dole, misali an rasa sabuwar fitila, to rami ɗaya na milimita 2 ko 3 a can ƙarƙashin baƙin gida ya wadatar. Jan murfin ba a taɓa shi.

Gasket sabo shi ne rabin maganin. Kada a mai da tsoho ko da ya yi kamar yana da sauran rai, domin soson da ya riga ya kwanta ba ya sake tashi. Masu MX-5 sun yi sa'a ta wannan fuska, don kamfanin Mazda ya buɗe shirin sabunta samfurin farko a Japan cikin 2017, kuma kayan motar ba su yi wuyar samu ba a ƙasashen da take da yawa. Wanda bai samu ba yana iya yanka nasa daga soson roba irin wanda ba ya shan ruwa, ya ɗora tsohon a kai ya zana. A goge jikin motar tas kafin a ɗora. Wajen ɗaure noti kuma a bi su bi da bi, kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar soso ya matsu. Ƙusoshin a cikin roba aka dasa su, kuma ƙarfin hannun da ya wuce kima shi ne yakan fasa gidan fitila, a koma gidan jiya.

Motocin zamani masu fitilun LED nasu ya sha bamban. Ba su da zafin da zai kori raɓa kamar kwan da, don haka hazo yakan daɗe a cikinsu, kuma yawancinsu ba su da ramin kwai da za a hura iska ta ciki. A maimakon bututu, sau da yawa akan liƙa musu wani ɗan faci mai kama da takarda a baya, wanda ke barin iska da tururi su wuce amma ya tare ɗigon ruwa. Asalinsa robar nan ce da Ba'amurke Robert Gore ya gano yadda ake miƙar da ita a 1969. Wanda bai sani ba yakan ɗauka takardar kanti ce ya ɓare ta, ko mai fenti ya fesa mata launi ta toshe. Ruwa kuwa idan ya kai ga allon wutar da ke cikin irin wannan fitila, ba kwai ɗaya ake sakewa ba, fitilar ce gaba ɗaya.

Idan an gama ɗaurawa, sai a bar fitila ta huce sarai, a sa wani ya riƙa zuba ruwa a kan murfin but da kewayen fitila na 'yan mintoci, wani kuma yana duban ciki da tocila. Da bokiti ko mesa marar ƙarfi za a yi, domin injin wanki mai feshi da ƙarfi yana iya tura ruwa ta kafar numfashin lafiyayyar fitila ma, balle idan an fesa mata ruwan sanyi tana da zafi. Washegari da asuba, kafin rana ta taɓa motar, a sake dubawa.