Filin direbobi: Land Rover da ruwan Gulbi

Gulbi ya kawo ruwa, hanyoyin gona daga Jiratawa har Tibiri sun zama laka. Maganarmu ta wannan wata a kan tsohuwar Land Rover ce, wadda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985.

Jikinta alminiyom ne, ba ya tsatsa, shi ke ruɗin mai ita. Ƙashin da ke ƙasa kuwa ƙarfe ne, laka na cinsa. Ku wanke ƙarƙashi kafin gilashi.

In kun ratsa ruwa, kada ku kwana ba ku duba man da ke cikin tulun ƙarfen nan na tsakanin ƙafafu ba, gaba da baya. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. A zubar da shi, a zuba sabo mai lamba 90. Bara wani abokina mai jigilar kayan lambu ya ce sai bayan kasuwa. Haƙora suka ci juna. Har yau motar tana gareji a Maraɗi, ana cigiyar kayan gyara.

Da kun hau kwalta, ku fid da ita daga ƙafa huɗu: ku tsaya, ku ja jan sanda baya, ku mai da shi gaba, rawayan madanni ya tashi.