A wanke tsofaffin kiɗan finafinan Indiya, amma kada a taɓa su

A Amurka da Turai akwai ƙananan kamfanoni irin su Intrada da La-La Land Records waɗanda sana'arsu ke nan: su nemo asalin zaren da aka naɗi kiɗan wani tsohon fim, su tace sautin, su haɗa har da guntayen da ba a taɓa fitarwa ba, su buga faifai dubu biyu ko uku su sayar wa masu tara irin waɗannan kaya. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, wasu na cewa ceton tarihi ne. Ni dai idan aka kawo zancen nan, hankalina Bombay yake tafiya, domin kiɗan fim da ya zauna a kunnuwanmu daga Zongon Kumasi har Tamale na Indiya ne. Kuma ra'ayina shi ne ya cancanci wannan hidima, har ma ya fi na Hollywood buƙatarta.

Abin da aka sayar mana shekara da shekaru rabin kaya ne. Faifan garmaho na da, mai juyi 78, minti uku da ɗan ɗoriya yake ɗauka a gefe guda. Saboda haka waƙar da ta fi haka tsawo a fim sai a datse ta, wani lokaci baiti guda ya tafi. Duk wanda ya haddace waƙar Mohammed Rafi ko Lata Mangeshkar daga silima, ya zo ya ji ta a faifai, ya san wannan giɓi. Wannan ma waƙa ke nan. Shi kuwa kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin fim, wanda ke sa gaban mutum ya faɗi tun mugu bai fito ba, kusan ba a fitar da shi sam.

Ɗauki Sholay na 1975. Waƙoƙinsa sun fita, har maganganun ƴan wasan Polydor ta buga a faifai mutane suka yi rububi. Amma tambayi dattijon da ya kalle shi sau goma abin da ya fi tunawa. Da wuya ya bar busar hamonikar da Amitabh Bachchan yake yi da daddare yayin da bazawarar nan take kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, ko kuma wannan ƙara mai kama da kukan wani abu a daji da ke rakiyar Gabbar. Aikin R.D. Burman ne da makaɗansa, kuma wallahi nan gwanintarsa ta fi fitowa. Me zai hana a ji shi shi kaɗai, tsaf, ba harbin bindiga da sukuwar dawaki a kansa?

Sannan lokaci ba ya jira. Zare yana ruɓewa, fim yana cin wuta. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a yau. A 2003 gobara ta cinye tsofaffin finafinai masu yawa a wata ma'ajiya a Pune. Ko a Amurka mai kuɗi, gobarar Universal ta 2008 ta lashe asalin zaren waƙoƙi masu ɗimbin yawa, kuma sai a 2019 jama'a suka san girman asarar. Abin da ba a kwafe yau ba, gobe sai labari.

To amma ina da sharaɗi, kuma a nan nake rabuwa da wasu masoya. Wankewa daban, sauyawa daban. Waɗanda suka sayi kaset a shekarun 1990 sun tuna abin da ake kira jhankar: a ɗauko tsohuwar waƙa mai taushi a liƙa mata ganga ta inji da amsa-kuwwa don ta yi daɗi a mota. Ta yi kasuwa, ba musu, amma ta ɓata kunnen yara da yawa, har suna zaton haka waƙar take tun asali. Ko Mughal-e-Azam na 1960 da aka mayar mai launi a 2004, an riƙe muryoyin mawaƙan amma an sake naɗar kiɗan da sababbin makaɗa. Naushad da kansa yana raye kuma da hannunsa a ciki, don haka ba zan ce an yi masa cin amana ba. Duk da haka wannan wani aiki ne sabo. Hannun makaɗan 1960 nake son ji. A cire shuu da ƙaf-ƙaf na tsufa, a tsaya nan. Idan an ga dama a sa sabon a gefe, a rubuta ɓaro-ɓaro wanne ne wanne.

Sharaɗi na biyu ya shafi aljihu. Tsarin buga dubu uku a rufe ƙofa an yi shi ne don mai katin banki da dala. Kafin faifan ya iso nan, kuɗin aike ya ninka kuɗin kaya, in ma bai ƙare ba tun a makon farko. Su kuwa mutanen da suka riƙe wannan kiɗa da amana, tela da direba da hajiyar da ke rera shi tana tuƙa tuwo ba tare da ta ji Indiyanci ba, ba sa cikin lissafi. Mai son kwali mai ƙyalli da ɗan littafi ya biya, ba laifi, kuɗinsa ne ma zai ɗauki nauyin aikin. Amma bayan ɗan lokaci a saki sautin a intanet da gidajen rediyo.

Masu cewa babu kasuwa su dubi Saregama, magajin HMV, wanda ke riƙe da mafi yawan waɗannan tsofaffin waƙoƙi. A 2017 ya fito da Carvaan, wata ƴar akwati kamar rediyo mai waƙoƙi 5,000 a ciki, mutane suka yi ta saya wa iyayensu. Sai dai waƙoƙi ne zalla. A 2025 kuma gidauniyar Film Heritage Foundation ta nuna Sholay da aka gyara a Bologna ta Italiya, shekara 50 bayan fitowarsa. Tunda har an buɗe gwangwanayen an kakkaɓe ƙura, sauran a duba abin da ya rage na kiɗan Burman a fitar mana da shi daga farko har ƙarshe.