Akwatin Wasiƙar da Na Raina



Yau daga nan Amurka, inda nake aikin jinya, zan ba ki labarin wani ɗan akwati da na raina har ya ja mini asara. A unguwanni da yawa a nan, kowane gida yana da akwatin wasiƙa a kan turke a bakin titi. Ma'aikacin gidan waya yakan zo a mota, ya miƙo hannu ta taga ya zuba wasiƙu, ba sai ya sauko ba. Takardun asibiti, na makarantar yara, na inshora, wani lokaci har magani, duk ta nan suke shigowa.

Namu ya tsufa, murfin ya yi tsatsa, ba ya rufuwa. Kullum in ce wa maigida a gyara, ya ce sai ƙarshen mako. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, takardar da ke ɗauke da ranar da ɗana zai ga likitan kunne ta jiƙe, ta manne da takardun talla, na haɗa na zubar ban sani ba. Sai da muka jira wata biyu kafin a sake ba mu rana, yaro kuwa yana fama.

Da muka tashi canza shi, ashe abin yana da ƙa'ida. Kafin a haƙa rami, ana kiran lambar 811 da 'yan kwanaki, su zo kyauta su sa alama inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi a ƙasa. Hukumar gidan waya ta ce tsayin akwatin daga kan titi ya kasance inci 41 zuwa 45, a kuma ja shi baya inci 6 zuwa 8 daga gefen titi. Turken katako ne mai kaurin inci 4, ba a binne shi fiye da ƙafa biyu. A rubuta lambar gida a jiki yadda za a gani.

Maigida ya so ya kafa ƙaton ƙarfe cike da siminti don ya daɗe, na ce a'a. Ana son turken da zai karye idan mota ta kauce ta buge shi. Wanda ya yi aiki a sashen gaggawa ya san gara a rasa turke da a rasa rai.

Cikin yini guda muka gama, yara ma suka taya shafa fenti.

Uwargida, ko babu irin wannan akwati a ƙofarki, akwai abin da ake ta cewa sai gobe: murfin rijiyar da ya ruɓe, wayar wutar da ta ɓare, ƙyauren da yaro ke iya buɗewa ya fita titi. Zagaya gidanki yau, ki zaɓi guda ɗaya, ki tsaya a kai har a gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.