Duba da Yanayin Shekara: Kada a Zubar da Tsaba Tare da Ƙaiƙayi

A hutun da ya wuce, wajen ƙarshen watan Satumba, ina zaune a gidanmu a Gonin Gora, sai wata ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce in ga abin mamaki. Wata Baturiya ce ta baza karta a kan tebur, tana bayanin cewa tunda ganyaye sun soma zuba, sanyi kuma yana tafe, lokaci ya yi da mutum zai buɗe karta ya ga abin da ya kamata ya rabu da shi a rayuwarsa. A daidai wannan lokaci kuwa ruwa ake sheƙawa a kan kwanon ɗakinmu, ciyawa ta yi shar, dawa ma ba ta nuna ba. Na yi dariya, amma da na natsu sai na ga ashe abin ba na dariya ba ne. Yarinyar nan ta iya jera yanayi huɗu na ƙasar Turai, amma da na tambaye ta ko ta san Haƙ'a da Jabha, sai ta ce ko sunayen mutane ne. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin in gabatar da ɗan ra'ayina a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Kartar nan, wadda ake kira tarot, asalinta ba ta duba ba ce. A arewacin Italiya aka fara ta a ƙarni na 15, don wasa kawai a gidajen sarauta irin na Milan. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya yi da'awar wai asirin mutanen Masar na dā ne ke ɓoye a cikinta, alhali kuwa ba shi da wata hujja. Daga nan masu duba suka karɓe ta. Ƙwaya 78 ce, 22 manya, sauran 56 kuma an kasa su gida huɗu. Da yake gidajen huɗu ne, yanayin Turai ma huɗu ne, sai masu sana'ar suka ba kowane gida yanayi guda, ko da yake har yau ba su daidaita a kan wane gida ne na wane yanayi ba.

Kada kuwa mu ɗauka Turawa kaɗai ke da ƙishirwar sanin abin da shekara za ta zo da shi. Bahaushe manomi ne, rayuwarsa duk a kan damina ta rataya, saboda haka tun fil azal yake neman ya leƙa gobe. Arnan Gobir a Tsibiri, kusa da Maraɗi, suna da bukin buɗin daji, inda akan faɗi yadda ake zaton shekara za ta kasance. Malaman duba kuma suna da bugun ƙasa, watau ilmin ramli mai siffofi 16, wanda ya zo mana daga ƙasashen Larabawa. A kan waɗannan ba ni da wata sabuwar magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko taurari a cikin littafinsa Nurul Albabi, malaman Kirista ma, waɗanda mabiyansu ke da yawa a unguwarmu, ba su yarda da duba ba. Wanda ya bar bugun ƙasa ya koma bugun karta, lalle ya gudu ne bai tsira ba.

Abin da ya dame ni shi ne, garin gudun duba mun haɗa har da abin da ba duba ba mun watsar, watau lissafin taurari. Malamai da tsofaffin manoman ƙasar Hausa sun kasa shekara zuwa taurari 28, kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, in an tara ya ba da kwana 365 cif. Kowane yanayi, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Sunayen na Larabci ne, amma Bahaushe ya lanƙwasa su zuwa harshensa, har ma yana da nasa na gida, kamar Kaza da 'Ya'yanta da yake kiran Surayya. Amfanin lissafin a fili yake. Watannin Musulunci suna zagayawa, shekararsu ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka ba za a iya ɗora shuka a kansu ba. Taurarin kuwa suna tsaye tare da yanayi, su ke gaya wa manomi ko shukarsa ta makara, ko marka ta kusa, ko lokacin girbi ya gabato. Wannan kalanda ce, ba ta ce wa kowa ga matar da zai aura ko ga ranar da zai yi arziki ba.

Na san wani zai ce ai da taurarin nan ne malaman duba suke fitar da ranakun sa'a da na nahisa, don haka duk kanwar ja ce. Gaskiya ne an gauraya su, amma don hatsi ya haɗu da ƙaiƙayi ba a zubar da shi, sheƙe shi ake yi. Ma'aunin rarrabewa kuwa mai sauƙi ne: ilmi na gaskiya ana iya jarraba shi, a kama kuskurensa, a gyara. Ga misali daga gida. Damina ta lissafin taurari kwana 92 ce, wadda ta fi dacewa da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Mu kuwa a kudancin kogin Kaduna ruwa yakan sauka tun Afrilu ko Mayu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kusan wata shida ke nan. Ashe ko lissafin namu ma sai an yi masa kwaskwarima kafin ya zauna daidai a Gonin Gora, kuma iya gane hakan shi ne shaidar cewa ilmi ne. Karta fa? Ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, domin ba ta faɗin abin da za a iya aunawa, duk yadda ta faɗi mai fassara zai sama mata mafita.

Wasu masu kartar sukan ce su ba gaibu suke nema ba, tsokaci ne kawai suke yi wa zukatansu a duk lokacin da yanayi ya juya. Niyyar ba ta da laifi, hanyar ce ba ta ɓulle ba. Wanda ke son ya tafi daidai da yanayi, ai yanayin ƙasarsa zai duba. A Turai zubar ganye alamar sanyi ce, a ƙasar Hausa kuwa gawo da damina yake zubar da nasa, ya yi kore da rani. Zuwan shamuwa shi ke yi wa manomi albishir da ruwa. Wanda ya san waɗannan ya fi mai karta 78 kusa da shekararsa.

To, mene ne namu a ciki, mu ɗaliban Hausa? Tun 1967 Mervyn Hiskett ya yi nazari a kan kalandar taurari a cikin rubutattun waƙoƙin Hausa. Abin kunya ne a ce baƙo ya ga darajar abin, mu 'yan gida muna ƙyamarsa. Tsofaffin da suka haddace lissafin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya tafi kuwa da nasa yake tafiya. Shawarata ita ce, a cikin masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, a sami waɗanda za su koma garuruwansu su tattaro sunayen taurari da karin maganar da ke tattare da su da alamomin damina, a rubuta yadda kowane yanki yake faɗinsu. Mu na Kaduna mu haɗa har da na maƙwabtanmu Gbagyi, waɗanda suka riga kowa sanin ƙasar nan. Sa'an nan a gwada abin da aka samu da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

In mun yi haka, ƙannenmu za su sami abin da ya fi kartar aro. In kuwa mun yi sake, za a wayi gari ɗan Bahaushe yana jiran ƙanƙara a ƙasar da hazo ke sauka. Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka, amin.