Ina Ungulu Ta Shiga?

Ɗan'uwa ɗalibi, yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? A 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Jami'ar Jos tana da cibiyar binciken tsuntsaye a dajin Amurum. To, mu ɗaliban Hausa fa? A ganina aikin ya shafe mu, domin in ungulu ta ɓace, karin maganarta zai zama baƙo ga yaranmu. Mu tattara sunayen tsuntsaye daga bakin maharba tun suna raye, kuma mu mayar da sakamakon binciken cikin Hausa, don jama'a su ji.