LAIMAR KWAƊI BA ƘAZANTA BA CE, SHAIDAR RAN ƘASA CE



Duk majalisar da ka zauna daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Kunchi, kukan ɗaya ne: taki ya yi tsada, ƙasa ta gaji. Tsadar taki gaskiya ce, babu mai musu. Amma maganar gajiyar ƙasa, a nan nake da ja. Ƙasa ba ta gaji ba, yunwa muke gana mata, kuma da hannunmu.

Ga gwaji mai sauƙi. Idan damina ta zauna a watan Agusta, ka zaga gonarka da sassafe ka duba inda laimar kwaɗi ke fitowa. Za ka same ta a gindin tsohon kututture, a gefen suri, a inda aka jibge takin dabbobi. Da wuya ka gan ta a filin da aka share ƙal aka ƙone. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan laima da yara ke shura da ƙafa 'ya'ya ce kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, wasu fararen zaruruwa ne sirara, dangin funfuna. Aikinsu narkar da kara da ganye da kashin dabbobi su koma abincin shuka. Akwai kuma wani jinsin da ba ya fitar da laima sam, sai dai ya shiga cikin saiwar gero da dawa da wake. Shuka ta ba shi sukari, shi kuma ya miƙa zarensa inda saiwa ba ta kaiwa, ya jawo mata ruwa da sinadarin fosfaras, wanda ƙasar yankinmu ke da ƙarancinsa ƙwarai. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Albert Frank, ya raɗa wa wannan ƙawance suna, kuma yau an san kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa da shi suke rayuwa.

To, me muke bai wa waɗannan ma'aikata da ba sa karɓar ko sisi? Kara mun kwashe, harawa mun sayar, ɗan abin da ya rage lokacin sharar gona mu tara mu cinna masa wuta. Gawon da kakanni suka bari, wanda ke zubar da ganye da damina ya takince ƙasa ba tare da inuwarsa ta danne shuka ba, mun sayar wa masu itace da gawayi. Suri kuwa da mun gan shi sai a kawo guba. Alhali gara manomiya ce: a cikin surin take noma funfunarta, kuma daga nan wani naman kaza da ake ci a sassan Afirka da dama yake tsirowa. Ramukanta su ne hanyar da ruwan sama ke bi ya ratsa ƙasa maimakon ya gudu da ita.

Wani zai ce gara na cin rumbu da shuka. Haka ne, ka kare rumbunka. Amma a Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo da gangan yake zuba taki a ramukan shuka don gara ta zo ta huda masa ƙasa, da haka ya mai da fako daji. Wani zai ce talauci ne ke sa a sare bishiya. Mutanen Maraɗi sun fi mu kuɗi ne? Daga 1983 suka soma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski, yau ana maganar wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Ba gwamnati ce ta dasa musu ba.

Abin takaicin, mu ne malaman wannan fanni. Masu bincike irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin yadda karkarar Kano ke noma gona guda kowace shekara babu hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin shi ne takin gida, da sharar birni a kan jakai, da haɗa gero da wake, da bishiyoyi a tsakiyar gona. Buhun NPK taimako ne, ban ce a jefar da shi ba. Amma shuka yake ciyarwa, ba ƙasa ba.

Jan kunne guda: kada wani ya karanta wannan ya je ya tsinko laima ya jefa a miya. A cikinsu akwai masu lalata hanta su yi kisa, dafuwa ba ta kashe dafinsu, kuma ganin ƙwaro ko akuya ta ci ba hujja ba ce. Wanda ba ka sani ba, bar shi inda yake, aikinsa yake yi.

Bana, ka bar ko da kashi ɗaya cikin uku na tushiya da ganye a gona. Kada ka ƙone. Ka bar tohon gawo ko da biyar ne. Surin da ke nesa da rumbu, ka ƙyale shi. Gonar nan aro ce daga 'ya'yanmu, kuma za a tambaye mu yadda muka mai da ita.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.