Babbar hanyar Ikko zuwa Kalaba: katafila ta riga bincike isa wurin

Ranar 31 ga watan Mayu na 2025, shugaban Tarayyar Nijeriya, Bola Ahmed Tinubu, ya buɗe kilomita 30 na farko na babbar hanyar da za ta bi gaɓar teku daga Ikko, watau Legas, zuwa Kalaba. In aikin ya kammala, tsawonta zai kai wajen kilomita 700, abin da ya ɗan ɗara nisan Yamai zuwa Maraɗi. Gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta kuɗinta a kan naira miliyar dubu 15 da ɗoriya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Tawa ko na Damagaram da hanyar bakin teku. To, akwai ruwansa. A cikin watan Oktoba na 2024 an ƙaddamar da ƴar'uwarta, wadda za ta tashi daga Illela, dab da Birnin Ƙonni, ta gangara har Badagiri, kuma kamfanin da ke gina ta bakin teku shi aka ba sassanta na farko. Saboda haka ya kamata mu san yadda aka amince da hanyar Ikko, da abin da ya sami mutanen da ta bi ta kansu.

Wace irin hanya ce?

Hanyar godaro da muka saba da ita takan shiga tsakiyar gari. Kamyo ya tsaya, mai tuwo ta sayar, yaro ya ƙetare da awaki. Wannan kuwa irin wadda ake kira otorut ce da Faransanci. A sashen Ikko layi shida gare ta, uku na masu zuwa, uku na masu dawowa, an bar fili a tsakiya domin layin dogo, an kuma shimfiɗa ta da siminti da ƙarfe. Irin wannan hanya motoci masu gudu aka yi wa ita. Ba a tsayawa ko'ina, ba a ƙetare ta sai ta gada ko ta ƙarƙashi. Ga matafiyi sauƙi ce. Ga wanda gidansa ke hannun dama, gonarsa ko kasuwarsa na hannun hagu, ta zama katanga.

Ba a musun amfaninta. A yankin Lekki, gabas da Ikko, akwai sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2023, ga kuma matatar mai ta Ɗangote. Manyan motocin da ke fita daga nan suna cunkushe tsohuwar hanya har mutum ya shafe awoyi a wuri guda. Kazalika ƴan Nijeriya sun gaji da ayyukan da ba su ƙarewa: an ba da kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kaduna da Kano a ƙarshen 2017, shekara bakwai ta wuce ba a gama ba. Wanda ya ga haka zai fahimci dalilin da ya sa gwamnati ta so ta yi sauri. Sai dai saurin yana da tsada, kuma ba kowa ne ya biya ta ba.

Matakan da doka ta tsara

Kafin a sari ƙasa, dokokin Nijeriya sun jera abubuwa bi da bi. Dokar 1992 ta wajabta a binciki abin da babban aiki zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutane, a rubuta rahoto, a baje shi a fili na kwana 21 na aiki domin kowa ya karanta ya faɗi ra'ayinsa, sa'an nan ma'aikatar muhalli ta yarda ko ta ƙi. Dokar 2007 ta sayayyar gwamnati ta ce asalin ƙa'ida ita ce a yi shela, kamfanoni su yi gasa, a zaɓi wanda ya fi dacewa. Bayan an tsai da layin da hanya za ta bi, sai a ƙidaya gidaje da gonaki, a ƙiyasta diyya, a biya. Katafila ita ce ta ƙarshe a layi.

Wannan jeri yana da hikima. Muddin hanya tana kan takarda, kauce wa maƙabarta ko rijiya ko unguwa ba ya cin komi sai tawada. Da zarar an zuba siminti, gyara ya zama rushewa.

Yadda abin ya gudana

A watan Fabrairu na 2024 majalisar ministoci ta amince da sashe na farko, kilomita 47 da ɗoriya, daga tsibirin Victoria zuwa Eleko, a kan naira miliyar 1060. Bisa canjin wancan lokaci, wannan ya haura miliyar 400 na sefa. In aka raba, kowace kilomita ta tashi a kan fiye da naira miliyar 22. An ba kamfanin Hitech aikin ba tare da buɗaɗɗiyar gasa ba. Ministan ayyuka, David Umahi, ya kare wannan zaɓi da cewa kamfanin ya ƙware da aikin siminti a bakin teku. Jagororin adawa kuwa, musamman Atiku Abubakar, sun nuna cewa kamfanin na iyalin Chagoury ne, waɗanda suka daɗe suna abota da shugaban ƙasa, suka nemi a bayyana yadda aka kai ga wannan farashi. Peter Obi ya ce gyaran hanyoyin da suka lalace ya fi gaggawa. Bugu da ƙari, a 2023 an faɗa wa jama'a kamfani ne zai kawo kuɗinsa ya mayar ta hanyar karɓar kuɗin hanya. Da aka zo 2024 sai ga baitulmali yana zuba nasa, kuma a watan Yuli na 2025 aka ciwo bashin dalar Amurka miliyan 747 daga wasu bankuna domin wannan sashe.

An fara aiki a watan Maris na 2024. A ƙarshen Afrilu aka fara rushe-rushe a bakin teku. Tarurrukan jin ra'ayin jama'a kuwa an yi su ne a lokacin da katafila ta riga ta shiga yashi. Da aka tambayi hukuma ina rahoton muhalli, sai ta amsa cewa tana da amincewa ta wucin gadi, cikakken bincike kuma yana tafe. Ƙungiyoyin kare muhalli ba su gamsu ba, har maganar ta kai gaban kotu.

Ba a daɗe ba aka ga illar wannan juyi. Tun 2006 jihar Legas ta keɓe layin da hanyar bakin teku za ta bi, ta buga shi a jaridar hukuma, mutane suka sayi filaye suka yi gini suna kauce masa. Injiniyoyin sabon aiki suka zana wani layi daban a wasu wurare. Mutanen Okun Ajah, wani tsohon ƙauye na gaɓar teku, suka wayi gari an shafa wa gidajensu fenti. A cikin watan Mayu na 2024 minista ya ba da sanarwar komawa tsohon layi tsakanin kilomita ta 16 da ta 25, domin an lura sabon layin zai faɗa kan inda manyan wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suke fitowa tudu, waɗanda tarho da intanet na ƙasar suka dogara da su. Abin da binciken farko ya kamata ya nuna, sai da aka fara aiki ya bayyana. Ko bayan wannan sanarwa gardamar layi ba ta mutu ba, mazauna yankin da masu filaye sun ci gaba da kai kuka a 2024 da 2025. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa aka biya, wa aka manta?

Ranar 1 ga Mayu na 2024 aka raba kashin farko na diyya, naira miliyar 2 da miliyan 750. Kafin ƙarshen shekara hukuma ta ce jimillar diyyar sashen ta kai miliyar 18. Kuɗi ne masu yawa a baki, amma in aka auna su da kuɗin aikin, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Masu gidaje da dama sun ce abin da aka ba su ba zai sayi fili a unguwarsu ba, balle ya gina.

Tushen wannan kuka yana cikin dokar ƙasa ta 1978. Wannan doka ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ɗan ƙasa izinin zama kawai gare shi. In hukuma ta karɓe wuri domin amfanin jama'a, abin da take biya shi ne abin da mutum ya aza a kan ƙasar, watau gini da shuka da itatuwa. Darajar filin kanta ba ta shiga lissafi. A birni kamar Ikko, inda fili kan fi ginin da ke kansa tsada, bambancin ba kaɗan ba ne.

Labarin da ya cika jaridu shi ne na wurin shaƙatawa na Landmark, wanda aka rushe abin da ya gina a bakin ruwa. Masu wurin sun ce dubban mutane ne ke cin abinci a nan. Hukuma ta ce mita 250 daga bakin teku na gwamnatin tarayya ne, kuma an kauce wa manyan gine-ginensu. Kowane ɓangare yana da lauyoyi da bakin magana. Amma a bayan wannan shari'a ta manya akwai waɗanda doka ba ta san da su ba: ɗan haya da ke biyan kuɗin ɗaki, mai rumfar kifi, mai gasa nama, masunci da ke jan kwale-kwalensa bisa yashi. Ba su da takardar fili, ba su da ginin da za a auna. Abin da suka rasa shi ne wurin neman abinci, shi kuwa ba ya cikin jerin abin da ake biya.

Daga Illela zuwa Badagiri

Hanya ta biyu ta fi ta farko tsawo, kilomita 1068. Tun zamanin Shehu Shagari aka yi tunaninta. Za ta ratsa jihohin Sakkwato, Kabi, Neja, Kwara, Oyo, Ogun da Legas. Sashen Sakkwato kilomita 120 ne, na Kabi 258. Ga fataken albasar Galmi da masu kai shanu da raguna kudu, wannan albishir ne, domin kowane kwana da kamyo ya rage a hanya ragin ruɓewa ne da ramar dabba.

Sai dai ƙasar da za ta bi ba irin ta Ikko ba ce. A nan abin da ke kan layi shi ne gonar gero, da fadama, da rijiya, da burtali. Yawancin gonakin gado ne, ba takarda, shaidarsu mai gari da maƙwabta. In aka bi lissafin dokar 1978, manomin da aka yanke wa gona zai karɓi kuɗin amfanin da ke tsaye da ƴan itatuwansa, alhali gonar ta ciyar da kakansa, ya kuma so ta ciyar da jikansa. Fadamar da aka datse da tudun ƙasa ba tare da isassun hanyoyin ruwa ba, ɓangare guda ya nutse, guda ya bushe. Burtalin da hanya ta yanke ba a bar wa dabbobi mashigi ba, garke zai faɗa gonar wani ko ya hau kan siminti, kuma duka biyun kan jawo asarar rai. Makiyayan ƙasarmu na cikin masu bin waɗannan burtaloli da rani. Garuruwan da ke rayuwa da tsayawar motoci su ma za su ji a jika in sabuwar hanya ta wuce ta bayansu ba mashiga.

Duk waɗannan abubuwa suna da magani mai araha in an tambaya da wuri. Makiyayi ya san inda garke ke ƙetarewa. Tsohuwar ƙauye ta san inda ruwa ke bi a shekarar ambaliya. Injiniya ba zai ga wannan a taswira ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna shimfiɗa hanyoyi, muna faɗaɗa tituna, kuma dokokinmu sun jera matakai iri guda. Dokar 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓe dukiyar mutum sai domin amfanin jama'a, bayan bincike a fili, da diyya ta adalci wadda za a biya tun kafin a karɓe. Dokar 2018 ta wajabta binciken muhalli. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da mallakar gado kamar yadda ya amince da ta takarda, dokar kiwo ta 2010 kuma ta kare burtali da mashaya.

Ga ma'aikacin hukuma, abin kiyayewa shi ne jerin kansa. Kada a sa ranar bikin ƙaddamarwa kafin a rufe littafin bincike. A ƙidaya ɗan haya da mai rumfa tare da mai gida. A karanta sanarwa da harshen da mutane ke ji, a kasuwa da rediyo, domin takardar Faransanci da aka liƙa a bangon ma'aikata ba ta isa ƙauye.

Ga wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu da rubutu, ga inda iliminsa zai yi wa garinsu rana. Ya je hukumar filaye ta yankinsu ya nemi takardar shaidar gonarsa tun ba a zo da ma'auni ba, ya kuma taimaki maƙwabcinsa ya nemi tasa. In an buɗe littafin bincike, ya rubuta a ciki inda rijiya take, inda burtali ya bi, inda aka rufe magabata. Ya duba sunansa da na ƴan'uwansa a jerin ƙidaya, kada kuma ya sa hannu a kan adadin da bai karanta ba.